Bishara Da Harshen Kowa: Matsayin Damagaram A Tarihin Fassarar Littafi Mai Tsarki

Gabatarwa

Masu nazarin tarihin rubutun Hausa sun saba ɗauko labarin boko daga Kano da Zariya, wato daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa cikin 1909, da Hukumar Talifi, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fita cikin 1939. Wannan ba kuskure ba ne, domin can ne boko ya yi saiwa ya yi rassa. Amma idan aka ƙara ja da baya kamar shekara 50, za a tarar cewa Hausar da aka fara zama aka rubuta da yawa cikin baƙaƙen Turawa ta fito ne daga bakin wani yaro ɗan ƙasar Damagaram, a wani gida da ke kudancin Ingila. Wanda ya rubuta ta kuwa limamin Kirista ne, kuma abin da ya ɗaure shi ga aikin shi ne imaninsa cewa Littafi Mai Tsarki ya wajabta a kai saƙon Almasihu ga kowace al'umma da harshen da ta sha a nono.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi sawun wannan hujja: inda masu bishara suka samo ta, yadda ta ɗauki Hausar Damagaram zuwa maɗaba'ar Landan, da abin da ya same ta sa'ad da ta iso Zinder cikin 1924. Ba za a shiga muhawarar addini ba. Abin da ya shafi mai nazarin harshe da mai tsara yaƙi da jahilci shi ne abin da hujjar ta haifar wa Hausa, da kuma inda ta yi tuntuɓe.

1. Hujjar da aka tsaya a kai

A ganin masu bishara na ƙarni na 19, zare ɗaya ne ya ratsa Littafin daga farko har ƙarshe. Sukan fara da littafin Farawa, sura ta 11, inda aka ba da labarin hasumiyar Babila da rarrabuwar harsunan mutane, sa'an nan su nuna cewa a sura ta 12 aka kira Ibrahim aka yi masa alkawarin albarkar da ba za ta tsaya kan zuriyarsa kaɗai ba, za ta game dangogin duniya. Daga nan sai Zabura, musamman ta 67 da ta 96 da ta 117, waɗanda ke gayyatar waɗanda ba Isra'ilawa ba su shigo cikin yabo. Ta 117 ɗin aya biyu ce tak, ita ce sura mafi gajarta a Littafin duka, amma kiran da take yi ga al'ummai ne baki ɗaya. A littafin Ishaya sun riƙe wurare biyu: sura ta 49, inda aikin Bawan Ubangiji ya zarce maido da Isra'ila ya kai ga sauran jama'a, da sura ta 56, inda aka buɗe wa baƙi ƙofar Haikali.

A Sabon Alkawari ginshiƙin hujjar shi ne ƙarshen Linjilar Matiyu (28:18-20), wato wasiyyar Yesu ga almajiransa ta fita zuwa ga sauran jama'ar duniya, da yi musu baftisma, da koyar da su. Cikin 1792 wani Baturen Ingila mai suna William Carey ya buga ɗan littafi yana kafa hujja cewa wasiyyar ba ta ƙare da mutuwar manzanni ba, tana nan bisa wuyan kowane zamani. Bayan haka ba da daɗewa ba aka kafa ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, C.M.S., cikin 1799, da ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya cikin 1804.

Sai dai ayar Matiyu ta ce a tafi ne kawai, ba ta faɗi harshen da za a yi magana da shi ba. Amsar wannan tana Ayyukan Manzanni, sura ta 2, a labarin ranar Fentikos, inda baƙin da suka taru a Urushalima daga ƙasashe dabam-dabam kowannensu ya ji wa'azin da harshen garinsu. Masu tafsirin Kirista sukan haɗa wannan da labarin Babila, su ce ba a warware rikicin ta hanyar mayar da mutane kan harshe ɗaya ba, an bar kowa da nasa aka je masa da saƙon a ciki. Suna ƙarawa da wasiƙar Bulus ta farko ga Korantiyawa, sura ta 14, inda ya fifita ƴan kalmomi kaɗan da jama'a za su gane a wurin sujada bisa dubbai da ba mai fahimta, da kuma Wahayin Yahaya (7:9), wanda ya siffanta taron ƙarshen zamani da cewa ya haɗa kowace kabila da kowane harshe. Bugu da ƙari, shi kansa Sabon Alkawari an rubuta shi ne da Girkancin yau da kullum na zamanin, ba da Aramiyancin da Yesu ya yi magana da shi ba. Wato fassara ta shiga tun daga tushe.

Abin lura a nan shi ne bambancin wannan fahimta da wadda aka sani a Damagaram. Malaman Birni da na Zengo ba baƙin amfani da Hausa ba ne wajen koyar da addini: da ita ake tafsiri a watan azumi, da ita ake fassara littattafan fiƙihu a zaure, da ita aka tsara waƙoƙin wa'azi aka rubuta su da ajami. Alƙur'ani ma ya ƙidaya saɓanin harsuna cikin ayoyin Allah (Suratur Rum, aya ta 22), ya kuma bayyana cewa kowane manzo da harshen mutanensa aka aiko shi (Suratu Ibrahim, aya ta 4). Amma salla da Larabci ake yi, kuma duk abin da aka faɗa da Hausa bayani ne ga nassi, ba ya maye gurbinsa. Ga masu bishara na ɗariƙar Furotesta kuwa, fassarar ita ce Littafin, da ita za a yi addu'a da waƙa da wa'azi, kuma kowane mai bi, mace ko namiji, wajibi ne ya iya karanta ta da kansa. Wanda ya yarda da haka ba shi da makawa sai ya nemi baƙaƙen rubutu, ya tsara nahawu da ƙamus, ya buga littafin koyon karatu, ya tara manya ya zaunar da su. Ta nan ne tauhidi ya shiga gonar masana harshe.

2. Yaron Dambanas da limamin Chatham

Baturen farko na wannan tafarki da ya kwana a Zinder shi ne James Richardson, mai yaƙi da cinikin bayi, wanda ya jagoranci ayarin da Heinrich Barth da Adolf Overweg suke ciki. Ya zauna a birnin cikin watannin farko na 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya ga yadda ake shigo da bayi daga hare-hare, ya tashi zuwa Barno ya rasu a hanya cikin watan Maris na shekarar. Daga cikin takardun da ya bari aka buga wani ɗan littafi a Landan cikin 1853, mai ɗauke da hirarraki da wani ɗan yanki na Sabon Alkawari cikin Ingilishi da Larabci da Hausa da Barbarci. Aikin ƙarami ne, bai yi wani tasiri ba.

Wanda ya yi tasirin shi ne Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance. Aka kama shi cikin wani hari yana ƙaramin yaro, ya bi hannun masu saye da sayarwa har Kukawa, inda Overweg ya fanshe shi ya ƴanta shi, kamar yadda ya yi wa wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi cikin Satumba 1852, yaran suka koma hannun Barth. Tare da shi suka iso Zinder ranar 25 ga Disamba 1852, lokacin Tanimun yana bisa gadon sarauta, suka yi kusan wata guda, sa'an nan suka bi ta Katsina da Sakkwato da Sayi har Tambutu. Cikin 1855 Barth ya ƙetare Sahara da su zuwa Tarabulus, daga can sai Ingila.

A can ne suka haɗu da James Frederick Schön, Bajamushe ma'aikacin C.M.S. Schön ya fara koyon Hausa a Saliyo wurin bayin da jiragen Ingila suka ƙwato daga teku, ya bi ayarin da ya hau kogin Kwara cikin 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya buga ɗan ƙamus cikin 1843. Amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, har ya mutu cikin 1889. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, ya zama limamin wani asibitin sojan ruwa a Chatham. Ga mutumin da yake fama da harshe daga nesa, samun yaro mai Hausa a baki, mai kaifin tunani da son ba da labari, ba ƙaramar sa'a ba ce. An yi wa yaran biyu baftisma cikin 1857. Abbega ya koma Afirka a shekarar, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya zauna gidan Schön har 1864.

Idan aka jera abin da ya fito daga wannan zama, za a ga girmansa. Linjilar Matiyu ta fito cikin 1857, littafin Farawa cikin 1858, na Fitowa cikin 1859, nahawun Hausa cikin 1862, ƙamus cikin 1876, Sabon Alkawari ya cika cikin 1880. Cikin 1885 kuma aka buga Magana Hausa, wanda ya ƙunshi tatsuniyoyi da karin magana da labarin rayuwar Dorugu kamar yadda ya faɗa da bakinsa. Wannan labari yana cikin dogayen zube na farko da aka buga da Hausa. A ciki ana ganin yaro ɗan manomi yana kwatanta ƙauyensu da fatake da Tambutu, sa'an nan ya juya yana kwatanta Landan da yadda Turawa ke cin abinci, da idon baƙo mai lura. A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman sun fassara shi zuwa Ingilishi da sharhi cikin 1971.

Ba za a ce aikin Schön ba shi da aibi ba. Ya bi tsarin baƙaƙen Lepsius, wanda C.M.S. ta karɓa domin harsunan Afirka, da alamomi bisa wasu baƙaƙe maimakon sh da c da j na yau. Mafi muni, kunnensa bai rarrabe b da ɓ ba, ko d da ɗ, ko k da ƙ. Saboda haka a rubutunsa ba a iya bambanta bari da ɓari, ko daidai da ɗaiɗai, sai ma'anar jimla ta taimaka. Ginin jimlolin fassarar ma sau da yawa yana bin na Turanci. Waɗanda suka zo bayansa sun soki aikin, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka, ga mai nazarin kare-karen Hausa laifin yana da ɗan amfani: Schön bai san wata daidaitacciyar Hausa da zai gyara maganar yaron zuwa gare ta ba, don haka abin da ya ji shi ya yi ƙoƙarin rubutawa.

Dorugu ya yi aikin tafinta ga Turawa iri-iri bayan ya komo, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa a Kano, inda ya rasu cikin 1912. Wato mutumin da aka fara ɗaukar Hausar boko daga bakinsa shi ne kuma ɗaya daga cikin malaman farko na makarantar da ake cewa daga ita boko ya fara.

3. Littafin ya koma kudu

Daga 1890 ragamar aikin ta bar hannun masu koyo daga nesa. John Alfred Robinson ya sake fassara Matiyu kafin ya rasu a Lakwaja cikin 1891. Ɗan'uwansa Charles Henry Robinson ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya tattara rubuce-rubucen ajami, ya buga ƙamus. Ayarin Bishop Tugwell ya shiga Kano cikin 1900, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Ɗaya daga cikinsu, Likita Walter Miller, ya zauna Zariya daga 1905, kuma shi ne jigon aikin da ya kai ga buga cikakken Littafin cikin 1932.

Abu biyu aka yanke a wannan tsakani, kuma duka biyun sun shafi Damagaram ba tare da an shawarce ta ba. Na farko, an zaɓi boko. An buga wasu sassa na Linjila da ajami domin malamai, amma babban aikin da boko aka yi shi, kuma Gwamnatin Lugga ta bi wannan hanya. Na biyu, Hausar Kano da Zariya ce ta zama ma'auni. Ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934, wanda shi ma da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar Hausa, ya ƙara tabbatar da haka, ko da yake ya yi ƙoƙarin nuna kalmomin wasu yankuna. Saboda haka sa'ad da Littafin ya iso ƙasar Dorugu, da karin wata ƙasa ya iso.

4. Zinder, 1924

Faransawa sun ci Damagaram cikin 1899 bayan yaƙin Tirmini, suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa cikin 1906, suka mai da Zinder hedikwatar yankin Nijar daga 1911 har 1926, sa'ad da aka koma Yamai. Sai cikin 1923 suka maido da sarautar, aka naɗa Barma Mustafa. Shekara guda bayan haka ƙungiyar S.I.M. ta buɗe tasharta ta farko a ƙasar Nijar, a Zinder, ta hannun Edward Rice.

S.I.M. ta samo asali ne daga samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka sauka Ikko cikin 1893 da niyyar shiga tsakiyar ƙasar Sudan. Biyu na farko sun mutu cikin 1894. Ayar da irin waɗannan mutane suka fi riƙewa ita ce ta wasiƙar Romawa, sura ta 15, inda Bulus ya nuna burinsa na yin wa'azi a inda ba a riga an yi ba. Turawan Ingila kuwa sun toshe musu manyan biranen sarakunan Musulmi na Arewacin Nijeriya, ba su sami shiga Kano sosai ba sai a shekarun 1930. Yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta tilasta wa ƙasashen da suka sa hannu su bar masu mishan su yi aiki a yankunan mulkinsu, don haka sai ga shi ƙofar da aka rufe a kudu ta buɗe a arewa, a wani birnin sarauta na Hausa da Barebari.

Amma ƙofar rabi aka buɗe. Dokar Faransa ta 14 ga Fabrairu 1922, wadda ta tsara makarantu masu zaman kansu da yaɗa addini a Afirka ta Yamma, ta yarda a yi sujada da Faransanci ko Latin ko harsunan ƙasa, amma ta ce koyarwa a makaranta da Faransanci kaɗai za a yi ta. Wannan doka ta raba abin da hujjar masu bishara ta haɗa. A wurinsu sujada da karatu abu ɗaya ne, tun da mai bi sai ya karanta Littafin. A wurin Gwamnati kuwa, Hausa ta isa a roƙi Allah da ita, amma ba ta isa a shiga aji da ita ba. Ma'aikatan S.I.M. yawancinsu mutanen Kanada da Amurka da sauran ƙasashe masu Ingilishi ne, sun zo da Hausar da suka koya a Nijeriya da littattafan da aka buga can, Faransancinsu kuwa ba ƙarfi. Sai suka tsaya kan koyar da karatun Hausa a matsayin sashen koyar da addini, a tasha da gidajen masu bi, ba da sunan lakwal ba. Hukuma ba ta daina yi musu kallon ƴan leƙen asirin Ingila ba, abin da ya tsananta zamanin mulkin Vichy, daga 1940 zuwa 1942, lokacin da aka takura musu zirga-zirga da aiki.

A Zinder kanta waɗanda suka karɓi sabon addinin kaɗan ne ƙwarai. Birni ne mai malamai da makarantun allo da fada mai kishin Musulunci, kuma mai neman ilmi yana da inda zai je tun kafin zuwan Bature. Ƙarfin aikin ya koma yamma, Tsibiri ta Gobir, inda David Osborne ya kafa tasha a ƙarshen shekarun 1920, sa'an nan Maraɗi, da asibitin Galmi da aka buɗe cikin 1950. A ƙasar Damagaram an yi tasha a Dungas. Katolika sun kafu a Yamai cikin 1931 ta hannun Fada François Faroud, suka iso Zinder wajen 1940. Jama'arsu ta farko yawanci ma'aikata ne da sojoji daga Dahomey da Togo da wasu ƙasashen kudu, sallarsu da Latin, makarantunsu da Faransanci bisa tsarin Gwamnati. Sai bayan babban taron Vatican na biyu, wanda ya ba da izinin yin sujada da harsunan jama'a cikin 1963, Hausa ta sami wuri sosai a wurinsu.

Barbara Cooper, wadda ta buga nazari mai zurfi kan Kiristocin yankin Maraɗi cikin 2006, ta nuna inda wannan tsari ya kai. Masu bi sun iya karatu da rubutu da Hausa tun lokacin da boko bai shiga ƙauyuka ba, har mata da tsofaffi. Amma karatun bai kai kowa ga aikin Gwamnati ba, bai ba da takardar shaida ba, bai taimaka a gaban kwamanda ba. Ƴaƴan masu bi suka ga tsararrakinsu na lakwal sun zama mushe da akawu, su kuwa suna nan da Littafinsu da gonarsu. Iyaye suka dinga matsa wa mishan ta buɗe makarantun Faransanci, ita kuwa tana jan ƙafa, kuma wannan ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka ɓata tsakaninta da ikilisiyar ƙasa. Hujjar Fentikos ta tabbatar wa Bahaushe cewa harshensa ya isa a gaban Allah, ba ta da abin cewa game da matsayinsa a gaban hukuma.

5. Rigimar kalmomi

Wahalar da ta fi kowace ga masu fassarar ita ce Hausa ta riga ta yi ɗaruruwan shekaru tana ɗauke da Musulunci. Ba su sami fili fetal ba. Kalmomin da suke bukata suna nan, amma kowace da kayanta a ka. Sun karɓi Allah da Ubangiji da annabi da mala'ika da zunubi da tuba da gafara ba tare da wata gardama mai tsawo ba. Sun guje wa salla suka ɗauki addu'a da sujada, har sujada ta faɗaɗa a bakinsu ta zama sunan taron ibada duka, ba sa goshi a ƙasa kaɗai ba. Alheri, wanda a zancen yau da kullum kyauta ce ko kyautatawa, ya ɗauki nauyin baiwar Allah wadda ba a cancanta ba. Fansa kuwa ba ta bukaci bayani a ƙasar da kowa ya san yadda ake biyan dukiya a karɓo ɗan'uwa daga bauta; ita ce kalmar abin da ya faru da Dorugu a Kukawa.

Kalmar da ke tsakiyar hujjar kanta tana da nata nauyi. A bakin Musulmi al'umma ɗaya ce, ta Annabi. Littafi Mai Tsarki kuwa jam'inta ya fi amfani da shi, al'ummai, kuma da ma'ana biyu: wani lokaci dukan kabilun duniya, wani lokaci waɗanda ba Yahudawa ba. Mai karatun da bai san wannan ba zai iya wuce ma'anar surori da dama.

Sunaye ma sun yi ta kai da kawowa. An yi muhawara tsakanin Isa, wanda kowane Bahaushe ya sani, da Yesu, wanda ke nuna cewa ba daidai da abin da aka sani ake nufi ba. Fassarar 1932 ta tsaya kan Yesu Kristi, da Matta, da Yohanna, da Ru'ya ta Yohanna. Sabuwar fassarar da ta fito a ƙarshen shekarun 1970 ta riƙe Yesu amma ta ce Almasihu, ta ce Matiyu da Yahaya da Wahayi, wato a wasu wurare ta matso kusa da kalmomin da jama'a suka saba ji. A daidai wannan lokaci, cikin 1979, fassarar ma'anonin Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Gumi ta fito da boko. Duk mai aikin ƙirƙirar kalmomi zai amfana da ɗora littattafan nan biyu gefe da gefe, domin sun nuna hanyoyi uku da ake bi: aro daga Larabci, faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, ko shigo da baƙuwa ɗungum kamar baftisma da ikilisiya.

6. Bayan mulkin kai

Jamhuriyar Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci cikin 1963, ta fara koyar da manya da harsunan ƙasa. Taron UNESCO na Bamako na 1966 ya ba ta ƙa'idar rubutu wadda ta bambanta da ta Nijeriya, musamman wajen ninka wasali mai tsawo. Na ƴan shekaru mai karatu a Magarya ko Matamai yana iya riƙe da takardu iri biyu, na ma'aikatar da na coci ko na kasuwar Kano, kowanne da nasa rubutu. Taron Yamai na Janairu 1980 ya kusanto da ƙa'idojin biyu, dokar 1999 kuma ta tabbatar da rubutun Nijar, wanda ya riƙe ƴ inda Nijeriya ke sa y da alama a gabanta. A Zinder ne kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci cikin 1973, shekara 51 bayan dokar da ta hana Hausa shiga aji. Makarantun gwajin sun gamu da tambayar da iyayen Tsibiri suka yi wa mishan: in yaro ya gama, ina za shi da wannan karatu?

Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba bisa ƙidayar 2012. Zamansu a Zinder ya ga kwanaki masu wuya: an farfasa cocin Katolika cikin Satumba 2012, kuma ranar 16 ga Janairu 2015, a zanga-zangar da zanen wata jaridar Faransa ya tayar, an ƙone coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, aka yi asarar rayuka, kashegari tarzomar ta kai Yamai. Waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada an haɗa su ne da Faransa, alhali da yawansu, musamman na ɓangaren da ya fito daga S.I.M., da Hausa suke waƙa da addu'a tun zamanin da Faransa ta hana a koyar da ita a makaranta.

Cikin Maris 2025 sabuwar dokar ƙasa ta Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa masu bincike nauyin tattara duk abin da aka taɓa rubutawa da Hausar wannan yanki, da ajami da boko, ba tare da duban addinin wanda ya rubuta ba. Daga cikin ayyukan da ke kusa da hannu akwai ɗaukar Matiyu na 1857 da na 1932 da na ƙarshen shekarun 1970 a gwada su aya da aya, a ware abin da yake na Schön da abin da yake na Dorugu. Sa'an nan a mayar da labarin Dorugu na cikin Magana Hausa bisa ƙa'idar 1999, a sa masa ɓ da ɗ da ƙ da Schön bai ji ba, a kai shi Kance da ƙauyukan da ke kewaye da ita a karanta wa tsofaffi, a rubuta kalmomin da suka gane da waɗanda suka ce ba su taɓa ji ba.